Wai yaushe ya dace kwamfuta ta riƙa sabunta kanta?

MaiKafe_Gwallameji:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Magana ce nake da ita kan sabuntawar da manhajojin kwamfuta ke yi da kansu. A ganina bai kamata wata manhaja ta girka komai ba sai lokacin da mai ita ya tashi kashe kwamfuta. Ba lokacin kunnawa ba, ba ana tsakar aiki ba. Mu masu shagon buga takardu safiya ce kasuwarmu. Ɗalibai sun yi layi, wannan zai fitar da aikin da zai miƙa ƙarfe tara, wancan zai cike fom, ga janareta na shan mai. Ka danna makunni, allo ya ce ka dakata, kada ka kashe, ana kan kashi 30 cikin ɗari. Kai da kwastoma ku zuba masa ido, daga ƙarshe yaron ya zare filas ɗinsa ya shiga shagon gaba. To ku yaushe kuke ganin ya dace? Ko dai a toshe abin gaba ɗaya kowa ya huta?

Sani_Azare:
Wa'alaikumus salam. Toshe shi kawai, Malam. Tawa tun da na saye ta ban taɓa barinta ta sabunta komai ba, kuma lafiyarta ƙalau.

Injiniya_Yelwa:
Sani, lafiyarta ƙalau a iya abin da idonka ke gani. Ka tuna cutar kwamfutar nan WannaCry? Ranar 12 ga Mayu 2017 ta ɓarke, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe fiye da 150, ta ce sai an biya dala 300 ta Bitcoin. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin takaicin, Microsoft ta riga ta fitar da maganin wannan ɓarakar tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su girka ba. Kuma ita ba ta jiran ka danna komai, ta cikin layin da ya haɗa kwamfutoci take tsallakawa daga wannan zuwa waccan. A shago irin na MaiKafe, inda kwamfutocin ke haɗe wuri guda, ɗaya ta kamu ai shi ke nan.

Amma ina tare da MaiKafe kan cewa lokacin ne matsalar. Kuma mu rarrabe, don aiki uku ne muke haɗawa a baki ɗaya: saukowa daga intanet, girkawa, sai sake tayar da kwamfuta. Na farko data yake ci, na biyu yana sa na'ura nauyi, na uku shi ne mai tsayar da aiki. Kowanne da lokacin da ya dace da shi.

Hajiya_MaiTaifin:
Ɗana MaiKafe, maganar lokacin kashewa ma ba ta fita ba. Ni ina rufe ofishina daf da magariba. Na tattara jaka, na sallami yarinyar da ke taya ni, na danna kashewa, sai ta ce in jira. To in zauna gadin kwamfuta har a idar da salla? Ko in bar janareta a kunne in tafi gida? Ranar da abin ya ishe ni na zare waya na yi gaba.

Gyaran_Wunti:
Hajiya don Allah ki daina zarewa. Ire-irensu ake kawo mini shago. Mutum ya zo da laftof a jakar leda, ka kunna, tambari ya fito, ɗigogin nan su yi ta zagaye, ta mutu, ta sake tashi, haka za ta yi ta yi. Ka tambaye shi me ya faru ya ce ba komai, sai ka matsa ya ce an ɗauke wuta ne tana cikin sabuntawa, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Yawanci na'urar kan iya komawa baya da kanta ta warware abin da ta fara, amma ba kullum ba. In ta ƙi, sai mu ciro hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, mu kwashe fayiloli mu sake ɗora komai daga farko. Don haka ni amsata ga tambayar: lokacin da kake da tabbacin wuta ba za ta yanke ba. In kwamfutar tebur ce kuma babu UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kada ka fara da wutar gari, ka jira sai kana kan janareta ko sola.

Wani abu kuma. Masu kukan cewa abin na ɗaukar awa guda, ku duba galibi tsohon hadis mai juyawa ne a ciki. Ka sa SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ka ga bambanci.

Sani_Azare:
Ga shi nan, mai gyara ya fara tallar kaya 😂

Gyaran_Wunti:
Kai ai ina jiranka, Sani. Ranar da za a kawo taka zan ninka kuɗin aiki.

Malam_Misau:
Ni damuwata data ce. Ina koyarwa, da hotsifot ɗin wayata nake haɗa laftof in shigar da sakamakon yara. In sayi data ta wata, in haɗa, kafin in ankara an aiko saƙo wai ta ƙare, alhali ban buɗe komai ba sai shafi ɗaya. Wa ya ba ta izinin cin kuɗina?

Injiniya_Yelwa:
Malam, wannan da sauƙi. A saitin Wi-Fi na Windows akwai wurin da za ka nuna masa cewa wannan layin na awo ne, kuɗi kake biya kan kowane mega. In ka kunna shi ba zai riƙa sauko da manyan sabuntawa da kansa ba, sai dai wasu 'yan muhimmai da kan iya wucewa. Sai ka ware rana ka sayi datar dare ka bar shi ya sauke. Ga masu shago kuma, akwai saitin da ke barin kwamfutocin da ke layi ɗaya su raba wa junansu abin da ɗaya ta sauke, ba sai kowacce ta ja nata daga waje ba.

Ummu_Hanifa:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Abin da na lura shi ne waɗanda suka tsara wannan abu sun ɗauka kowa na barin kwamfutarsa a kunne ya je ya kwanta. Shi ya sa suke cewa za a yi da dare lokacin da ba ka aiki. A can hakan daidai ne. A nan wa ke barin kwamfuta a jone har asuba? Ko wutar na nan, tsoron ta dawo da ƙarfi ta ƙona caja ya isa ya sa ka zare komai. To daren da suke jira ba ya zuwa, aikin ya taru, sai ya sauka a kan safiyar MaiKafe. Ba mugunta ba ce, ba da mu aka yi lissafin ba.

MaiKafe_Gwallameji:
Ummu Hanifa kin faɗi abin da ke raina. Na saita awannin aiki kamar yadda ake cewa, daga bakwai na safe zuwa tara na dare. Amma bayan tara ɗin kwamfutocin a kashe suke, to yaushe za su yi?

Injiniya_Yelwa:
Shi wannan saitin, wanda ake iya ja har awa 18, abin da yake yi kawai shi ne hana ta sake tashi da kanta cikin waɗannan awanni. Ba ya ƙirƙiro mata lokaci. Ga dabara: in ka ga alamar akwai sabuntawa tana jira, kada ka zaɓi ta sabunta ta mutu. Sau da yawa rabin aikin ne ake yi a nan, ragowar sai an sake kunnawa, wato gobe da safe a gaban kwastoma. Ka zaɓi ta sabunta ta sake tashi, ka bar ta har ta dawo fuskar da kake aiki, sannan ka kashe. Ka fara wannan tun kana shara da lissafin cinikin ranar, kafin ka gama ita ma ta gama.

Abba_Kobi:
Injiniya, ka kawo mana 2017, bari ni ma in kawo maka 2024. Ranar Juma'a 19 ga Yuli kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa kai tsaye zuwa kwamfutocin abokan cinikinsa. Ba ɓarayi ba, ba cuta ba, su masu gadin da kansu. Microsoft ta ce na'urori kimanin miliyan 8.5 ne suka faɗi da shuɗin allo. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma da yawa sai da mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu ya goge fayil ɗin. Kafin nan, a Oktoban 2018, babbar sabuntawar Windows 10 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har kamfanin ya janye ta. Saboda haka wanda ya ce a girka da zarar ta fito, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Sani_Azare:
Allah ya yi maka albarka Abba. Kun ji ko?

Abba_Kobi:
A'a Sani, kada ka jingina da ni. Ban ce kada a yi ba, cewa na yi kada ka zama na farko. Tsakanin jinkirin kwana uku da jinkirin shekara uku akwai tafiya.

Injiniya_Yelwa:
Na yarda da Abba a nan. Abin da ya sa na CrowdStrike ya yi muni shi ne an tura wa kowa lokaci guda. Bayan abin ya faru su da kansu suka ce za su koma turawa kashi-kashi, su kuma ba masu amfani damar zaɓar lokaci. Amma a lura, ba duk sabuntawa ce ɗaya ba. Wadda ke toshe ɓarakar da ɓarayi suka riga suka fara shiga ta cikinta, wannan ba a jira da ita. Wadda kuwa sabon fasali ce, an canza wurin maɓalli an ƙara kwalliya, ta jira wata shida ma ba abin da zai faru. Abin da nake so masu manhaja su yi shi ne su faɗa mini wacce ce a cikin biyun, da harshen da zan gane, ba lambobi ba.

Oga_CBT:
Ni cibiyar jarrabawa ta kwamfuta nake kula da ita, kwamfutoci sun haura ɗari biyu. A wajenmu ba a wasa da wannan. Ka yi tunanin yaro ya zo daga Ningi ko Toro tun asuba, ya zauna, yana kan tambaya ta arba'in allo ya ce zai sake tashi. Wa zai yi wa iyayensa bayani? Tsarinmu: makonni kafin jarrabawa mu ware layi ɗaya na kwamfutoci mu sabunta su, mu gwada manhajar jarrabawa a kai, mu gwada na'urar ɗaukar yatsa. In komai ya tafi daidai sai mu bi sauran. Daga nan mu dakatar da komai har a gama. Windows na barin a dakatar har kwana 35, bayan haka dole sai ka girka kafin ya sake barinka ka dakatar. Da zarar an kammala zama na ƙarshe mu sake buɗewa. Ko kwamfuta biyar gare ka za ka iya yin haka, ɗaya ta zama ta gwaji.

Dalibin_Gubi:
Duk wannan wahalar ku kuka ɗora wa kanku. Ku bar Windows ku koma tsarin Linux. A Ubuntu, wani nau'in Linux, gyaran tsaro na shiga a bayan fage, kuma ba za ta sake tashi da kanta ba sai kai ka ga dama.

MaiKafe_Gwallameji:
Ƙanena, ka zo ka zauna a shagona yini ɗaya. Kwastoma ya kawo katin biki da aka zana a manhajar CorelDRAW ya ce a gyara sunan amarya, sai in ce masa ya jira in koya masa Linux?

Dalibin_Gubi:
Akwai Inkscape ai, manhajar zane ce da ke aiki a Linux.

Hajiya_MaiTaifin:
Yaro, bar mu da abin da muka iya.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan batu. Muhawarar Linux an yi ta a baya, mai so ya nemo ta. Kuma na goge wani linki da aka saka na manhajar da wai ke kashe sabuntawa har abada. Kada a sake sakawa.

Gyaran_Wunti:
Madalla da ka goge, Admin. Irin waɗannan ne ke zuwa da kaya a ciki. Haka nan wanda kana cikin shafi sai wani akwati ya faɗo ya ce burauzarka ta tsufa, danna nan ka sabunta. Ƙarya ce. Chrome ko Firefox ba sa aiko ka wani shafi, daga cikin manhajar suke yi. Na sha ganin wanda ya ƙi sabuntawar gaskiya shekara da shekaru, ya zo ya danna ta bogi da hannunsa.

Ummu_Hanifa:
Tunda an ambaci Chrome, ni a ganina tsarinsa ya fi kowanne hankali. Ya sauke a ɓoye, ya ajiye, ya jira sai ka rufe ka sake buɗewa da kanka. In ka daɗe ba ka rufe ba ya nuna maka 'yar alama a kusurwa, in ka bi ta nan ka sake tayar da shi shafukanka su dawo. Bai tsayar da kai ba, bai kuma ƙyale ka ka manta ba. Me ya hana sauran su kwaikwaya?

Injiniya_Yelwa:
Burauza manhaja ɗaya ce, rufe ta da buɗe ta daƙiƙa kaɗan ne. Tsarin da ke riƙe da kwamfutar gaba ɗaya kuwa ba zai iya canza fayilolin da yake tsaye a kansu ba yana cikin aiki, kamar bakanike ne ya ce zai sauya maka taya kana gudu a hanyar Jos. Dole a tsaya. Sannan ko na Chrome ɗin yana da rauni: akwai masu laftof da ba sa rufe komai, murfi kawai suke kifawa, wata guda burauza na buɗe da shafi hamsin. Gyaran na nan a ajiye bai shiga ba. Shi ya sa kamfanonin suka koma tilastawa, don sun ga in aka bar wa mutane zaɓi, gobe za su yi ta cewa.

Sani_Azare:
To ai kwamfutata ce, da kuɗina na saya. In na ce gobe, gobe ne.

Abba_Kobi:
Taka ce, amma filas ɗin da kake zarewa daga cikinta kana kai wa shagon MaiKafe fa? Ranar da ta kwaso wani abu ba kai kaɗai za ka sha ba.

Baba_Fadama:
Na karanta duka, bari tsoho ya ce wani abu. Na yi aikin akawu har na yi ritaya, yanzu ina riƙe wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa littafi a kasuwar Muda Lawal. Ni ranar Juma'a na ware. Ƙarfe ɗaya saura in danna mata ta yi abin da za ta yi, in rufe ofis in tafi masallaci. Kafin in dawo in ci abinci ta gama. Ba kwastoma a lokacin, ba wanda ke jirana, rana kuma na tsaka sola na da ƙarfi. Ban san ilimin abin ba, amma ban taɓa samun matsala ba.

Injiniya_Yelwa:
Baba, ranka ya daɗe, ai ka fi mu ilimin. Microsoft na fitar da gyaran tsaro na wata-wata ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, tun 2003 suke haka, kuma a agogonmu yana faɗowa wajen magariba. In ka jira zuwa Juma'a ka ba shi kusan kwana uku ke nan. In akwai matsala babba, kafin nan an yi ta kururuwa a duniya ka ji. Ka haɗa shawarar Abba da ta Gyaran Wunti ba tare da ka sani ba.

Hajiya_MaiTaifin:
Baba yana da sola ne shi ya sa. Ni in kulle shago in bar janareta na ruri ba kowa? Ko ba a sace shi ba, man fa?

Oga_CBT:
Ni kuma Juma'a ce ranar da ba na taɓa komai. In abu ya lalace da yammacin Juma'a, wanda zai taimake ka sai Litinin. Na fi son safiyar Laraba ko Alhamis, ina wurin, masu gyara na wurin.

Baba_Fadama:
Kai kana da ɗari biyu, ni ɗaya gare ni, kuma ɗan Wunti na buɗewa ranar Asabar.

Malam_Misau:
Tambaya a gefe. Tawa kullum tana nuna mini wai Windows 10 ya daina samun tallafi. Ke nan ni maganar lokaci ma ta wuce ni?

Gyaran_Wunti:
Eh Malam, tun 14 ga Oktoba 2025 tallafin da aka saba ya ƙare, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro. Windows 11 kuma na neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da firoseso na baya-bayan nan, kuma da yawa daga laftof na hannu da ake sayarwa a nan ba su cika sharaɗin ba. Ka duba a saitin sabuntawa, zai gaya maka ko taka ta isa. In ba ta isa ba, aƙalla ka tabbata burauzarka na sabuntuwa, kuma sakamakon yaran nan ka riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri daban.

Dalibin_Gubi:
Ko kuma ya sa Linux, tsofaffin laftof na tashi da shi sosai.

Admin_Zaure:
Dalibi, gargaɗi na biyu.

MaiKafe_Gwallameji:
Na gode muku. Zan gwada na Injiniya, in fara tun ina shara da dare, kuma kwamfutar da ke kusa da ƙofa, wadda ba a cika zama a kanta ba, ta zama ta gwaji kamar yadda Oga ya ce. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: ko wace irin sabuntawa ce, a tambaye ni kafin a sake tayar da na'ura. A ba ni wa'adi, a ce nan da kwana bakwai dole, na yarda. Cikin kwana bakwan nan ni zan zaɓi sa'ar.

Abba_Kobi:
In kwana bakwan suka cika kana tsakar buga wa wani furojet fa?

MaiKafe_Gwallameji:
Sai a ƙara mini awa biyu.

Ummu_Hanifa:
Haka Sani ya fara.

Sani_Azare:
Ni ban nemi awa biyu ba, cewa na yi a ƙyale ni. Gyaran Wunti, nawa ne SSD ɗin mai giga 256? Ba don sabuntawa ba, nauyi take mini.

Gyaran_Wunti:
Farashi na motsi da dala, ka biyo ni ta akwatin sirri. Ka taho da cajarka, kuma ka sani in na ɗora sabo sai ta sabunta kafin ta bar shagona.